Jikin Malam Bai Yi Zafi Ba

Yaya aka yi ciwo ɗaya ya shiga gida ɗaya ya kama mutum uku, wanda ya yi ta ƙuna da zazzaɓi har muka fitar da rai ya tashi, ni da na yi 'yar gudawa na tashi, amma wanda jikinsa bai taɓa yin zafi ba shi ne ya tafi? Likita ta yi mini bayani, na kuma ji. Malamai sun ce kwana ne ya ƙare, na yarda, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma in na zauna ni kaɗai sai in buɗe tafin hannuna, hannun da na yi ta ɗora masa a goshi, in sake tambayar kaina.

Sunana Asabe. Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Maƙwabciyata Malama Rabi, mai koyarwa a firamare a nan Panshekara, ita ke rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata in ta ga ina kuka kada ta tashi, ta jira ni kawai, zan dawo kan maganata.

Mijina ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa. Daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim ya zo Kano yana saurayi, ya samu aiki a wani kamfanin fata a Challawa, a ɓangaren da ake jiƙa fatu cikin magani don gashi ya zube. A nan ya ƙare ƙarfinsa. Aikin ya bar masa abu biyu: tarin da yake yi kowace safiya kafin ya sha ruwan zafi, da hanci wanda ya daina jin wari ko ƙamshi. Shi kaɗai ke wuce kwatar kamfani bai toshe hanci ba. Duk da haka in na ɗora miya sai ya leƙo ya ce, "Asabe, wannan ƙamshi har bakin titi." In ce, "Da wane hancin ka ji?" Ya ce, "Da na maƙwabta."

Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Bai damu da rashin ganin hanya ba kamar yadda ya damu da Alƙur'aninsa, da ya koma sai dai ya shafa bangonsa ya mayar cikin gafaka. Ɗanmu na fari, wanda muke kira Ɗanlami, makanikin injuna ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Shi ya yi ta tari har ya ce zai kai ubansa Masar a yi masa aikin ido. Aka ce ni ma in bi, don Malam ba ya cin girkin kowa, kuma ni ce sandarsa.

Ba zan tsaya kan sallama da hawan jirgi ba. Mun sauka Alƙahira da rana, cikin wani sanyi da ban san ana yinsa a ƙasar Larabawa ba.

Wanda ya tare mu ɗan Kano ne, ana ce masa Ustazu, aikinsa kai marasa lafiya asibiti da yi musu tafinta. Tun muna gida ya turo wa Ɗanlami hoton masauki a waya: ɗaki a ƙasa, da ɗan tsakar gida, asibiti kuma a bayan katanga. Sai ga shi mota ta yi ta tafiya da mu har ta tsaya gaban wani dogon bene mai launin ƙasa. Ya ce namu yana can sama, kuma na'urar da ke ɗaga mutane ta ɗan samu matsala, gobe za a gyara.

Ɗanlami ya ce, "Ustazu, ba wannan ka nuna mini ba."

Ya ce, "Haba ɗan uwa, wancan ai wani Alhaji ya shiga jiya. Wannan ya fi iska. Baba zai ji daɗinsa."

Muka kama hawa, Malam ya dafa kafaɗata, muna yi muna hutawa. A wani hawa ya tsaya yana haki ya ce, "Ɗanlami, Masar ka ce za ka kawo ni, ko sama?" Har muka bar gidan nan ba a gyara na'urar ba.

Ɗakuna biyu ne da ɗan madafi, da baranda mai kallon titi. Ƙofar da ke fuskantar tamu ta wata mata ce mai jiki, Ummu Samira, da mijinta Ammu Fatahi, direban tasi. Ba ta jin Hausa, ba na jin Larabci sai na salla. Kwana biyu da zuwanmu ta ga Ɗanlami yana saukowa yana hawa saboda burodi, sai ta kamo hannuna ta kai ni barandarta. Ta nuna mini kwando ɗaure da doguwar igiya. Ta zura shi ƙasa, ta ƙwala wa mai burodi kira, ya saka, ta jawo. Washegari ta kawo mini nawa kwandon. Ran da na fara zurawa igiyar ta kuɓuce mini gaba ɗaya, kwando ya faɗa kan wani mai keke. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga ranar muka zama ƙawaye, da hannu muke hira.

Kewar gida a wurina ba ta zo da dare ba, da hantsi take zuwa. A Panshekara na san lokaci da jiniyar kamfani da ƙarar manyan motoci masu zuwa Challawa, da hayaniyar ma'aikata in sun taso. A can sai hon ɗin motoci da ba ya farawa ba ya ƙarewa. Kukar da na ƙullo da daddawa suka fara ja baya, na koma ina auna su da ɗan yatsa. Garin kunu kuwa na ɓoye shi a ƙasan jaka, na ce sai ranar buƙata.

Aka yi wa Malam aiki a idon dama. Ran da aka cire masa bandeji, ya ƙifta, ya dubi likita, ya dubi Ɗanlami, sannan ya juyo kaina ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Asabe, yaushe kika tsufa haka ba ki gaya mini ba?"

Na ce, "Ran da ka daina gani na fara."

Da muka koma masauki bai cire takalmi ba sai da ya ciro Alƙur'ani. Ya buɗe a baranda, ya sa yatsa a kan layi, na ga leɓensa na rawa. Na shige madafi na bar shi, don namiji ba ya son a ga hawayensa.

Aka sa ranar yin ido na biyu. Kafin ranar ta zo sai maganar korona ta cika gari. Aka rufe filin jirgi, aka rufe masallatai, asibitin ido ya ce a dakata. Ustazu ya zo sau ɗaya da takunkumi a fuska, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce kada mu damu, yana nan tare da mu. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Kuɗin da aka ba shi na aikin ido na biyu ya tafi da shi. Malam ya hana Ɗanlami zaginsa. Ya ce, "Bar shi. Ido ɗaya ma ya ishe ni in sauke Alƙur'ani."

Azumi ya same mu a saman benen nan. A lokacin ne waya ta fara zuwa daga Kano da labarin da ba mu so. Yau a ce wane ya rasu, gobe a ce wane, kuma duk tsofaffi, wasu abokan aikin Malam ne tun suna samari. Kowanne aka faɗa sai ya yi masa addu'a, ya ba ni labarin wani abin dariya da suka yi tare a kamfani. Wata rana ya ce mini, "Kin gani ko? Muna ta kuka da benen nan, ashe ɓoye mu Allah ya yi a sama."

Ɗanlami ne mai sauka. Shi ke zuwa kasuwa, shi ke zuwa ofishin jakadanci yana tambayar ranar da za a kwashe mutane zuwa gida. Shi ciwon ya fara kamawa. Ya dawo wata la'asar yana rawar sanyi, kafin magariba jikinsa ya yi zafin da in ka taɓa sai ka janye hannu. Tari ya biyo baya, busasshe, mai tsaga ƙirji. Yana juyi yana cewa ƙasusuwansa kamar an daka. Na kai masa man zafi hanci ya ce ba ya jin komai. Mutum mai ƙarfi, mai ɗaga ƙarfen inji, ya koma sai na tallafe shi zai sha ruwa.

Malam bai shiga ɗakin ba. Ɗanlami ɗan fari ne, kuma mutanenmu ba sa nuna damuwa a kan ɗan fari, ko sunansa ma da ƙyar. Sai ya shimfiɗa darduma a bakin ƙofar ɗakin ya zauna da Alƙur'ani, yana karatu yana tofawa a kofin ruwa, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. In na fito sai ya ce, "Yaya mutumin naki?" kamar wani baƙo yake tambaya. Amma daga safe har yamma bai matsa daga ƙofar nan ba.

Ummu Samira ta ji tarin ta bango. Ba ta shigo ba, amma ta ajiye mana leda a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta koma. Da na buɗe sai ga tsamiya, curi guda, irin wadda suke jiƙawa su sha da buɗa baki. Na riƙe ta na yi kuka, don tsamiya ce kaɗai ta rage mini in dama kunu irin na gida. Na ciro garin nan na ƙasan jaka. Kunun tsamiya ne abin da cikin Ɗanlami ya fara karɓa.

Ammu Fatahi ya ɗauke shi a tasi, gilasai a buɗe, ya kai shi aka yi masa hoton ƙirji. Suka dawo da magunguna, da saƙon likita cewa ya zauna a ɗaki shi kaɗai, kuma in akwai tsofaffi a gidan a kawo su a duba. Ɗanlami ya faɗa daga kwance, ta bayan ƙofa.

Ya ce, "Baba, an ce ku ma ku je, ku da Inna."

Malam ya ce, "In je in ce musu me? Asibiti na marasa lafiya ne. In tare wa wani wuri, kuma in sauka benen nan in sake hawa? Asabe, taɓa ni ki gaya masa."

Na ɗora hannu a goshinsa. Sanyi ƙalau. Na ce, "Babu zafi."

Da wannan hannun na raini 'ya'yana duka. Shi ke gaya mini wanda za a kai asibiti da wanda za a ba jiƙo ya kwanta. Bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kowace safiya sai in taɓa goshin ɗa in ji wuta, in taɓa na uba in ji sanyi, in gode wa Allah da ya bar mini ɗaya a tsaye. Ni kaina na yi gudawa kwana biyu, bakina ya yi ɗaci, na ce wake ne na Masar bai karɓe ni ba.

Yanzu da nake ba da labari ina ganin abubuwan a jere, amma a lokacin kowanne da dalilinsa ya zo. Malam ya rage cin abinci, in an sha ruwa dabino ɗaya da kurɓi biyu ya ce ya ƙoshi: na ce azumi ne. Ya fara barci bayan azahar har la'asar ta wuce, abin da bai taɓa yi ba: na ce zaman ƙofa ne ya gajiyar da shi. Ya koma salla a zaune: na ce gwiwa ce. Tari kuwa ai da shi na aure shi. Ƙamshi kuma ba a tambayar wanda hancinsa ya mutu tun ina goyon fari. In na ce, "Malam, yaya jikin?" sai ya ce, "Wane jiki? Tsufa ne da azumi. Je ki duba mutumin naki."

Zazzaɓin Ɗanlami ya fara sauka. Ran da ya zauna da kansa ya nemi ƙarin kunu, na ce mun haye.

A ranar ne, da rana tsaka, na fito daga madafi na tarar da Malam a tsaye ya sa hula, yana lalube bayan ƙofa.

Na ce, "Me kake nema?"

Ya ce, "Takalmin robana da safar hannu. Ba ki ji jiniya ba? An jiƙa fatu tun jiya, in na makara sai su lalace."

Na ce, "Malam, a Masar muke."

Ya dube ni da idon nan mai gani, kamar bai san ni ba. Ya ce, "Yarinya, kira mini Asabe." Sai ya kama hannun ƙofa, ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya zame ƙasa a hankali kamar rigar da ta faɗo daga igiya. Na tallafe kansa. Ko a lokacin, Allah ya sani, hannuna goshinsa ya fara zuwa. Babu zafi.

Na buga ƙofar Ummu Samira da tafin hannu biyu. Mutanen benen da suka ji motsi suka leƙo, suka ga abin da ake ciki, suka rufe ƙofofinsu. Ban riƙe su a zuciya ba, kowa tsoro yake ji. Ammu Fatahi ya ɗaure fuska da rawani, ya leƙa baranda ya kira mai burodin nan da ke cika mana kwando. Su biyu suka ɗora Malam a kujerar roba suka sauko da shi hawa bayan hawa, Ɗanlami na binsu yana dafa bango. A tsakiyar hanya hankalin Malam ya dawo. Ya dubi masu ɗauke da shi ya ce, "Ashe an gyara na'urar."

A asibiti wata ma'aikaciya ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai auna iskar da ke cikin jini. Ta duba, ta cire, ta sa a wani yatsan. Ta sake cirewa ta gwada a nata. Sannan ta fita da sauri. Malam kuwa yana zaune yana gyara hula, ba ya haki, ba ya nishi. Aka sa masa robar iska a hanci, aka shiga da shi ɗakin hoto, inda ake kwantar da mutum a tura shi cikin wani abu kamar bakin rijiya da aka tayar tsaye. Ni ma aka ce in kwanta, aka yi mini.

Muna zaune sai wata likita ta zo, an rufe ta da farin kaya tun daga kai har ƙafa, ido kawai ake gani. Ta tsaya a gabana ta ce, "Sannu Inna. Ina wuni?"

Na ɗauka kunnena ne. Tun tafiyar Ustazu ban ji Hausa a bakin wani ba sai namu. Ta ce sunanta Mariama, 'yar Damagaram ce, ta zo ƙarin karatun likita ciwon ya rutsa da ita a nan. Na kama hannunta da ke cikin safar roba na ƙi saki.

Ta kai ni da Ɗanlami gaban wani allo mai haske. Ta sa hotuna uku a jere, har da na Ɗanlami na kwanakin baya. Na farko baƙi ne kusan duka, sai ɗan tabo fari a gefe ɗaya, can ƙasa. Na biyu baƙi da 'yan gizagizai kaɗan a ƙasan ɓangarorin biyu. Na uku kuwa fari ne dama da hagu, sama da ƙasa, kamar audugar da ke kwanciya a kan tagogin masaƙa a Bompai.

Na ce, "Wanne ne na Malam?"

Ta nuna na ukun.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Nasa ya fi na kowa haske."

Ɗanlami ya sunkuyar da kai. Likitar ta matso kusa da ni. Ta ce, "Inna, a wannan hoton baƙi shi ne iska. Duk inda kika ga fari, iska ba ta shiga sosai."

Na sake duban hoton, na nemi baƙi a ciki. Ɗan kaɗan ne, a sama.

Na ce, "'Yata, ai wannan yaron shi ne mara lafiya. Shi ya yi zazzaɓi, shi ya yi tari har da amai. Malam ko ɗumi bai yi ba. Kullum sai na taɓa."

Ta ce, "Na sani, Inna. Haka muke ta gani a nan. Mai ƙuruciya in ciwon ya shige shi, jikinsa na tashi ya yi faɗa, faɗan ne kike ji da zafi. Sau da yawa in mun duba hotonsa sai mu ga wurin da ya taɓu kaɗan ne, kamar wannan na farkon, na ɗanki. Tsoho kuwa wani lokaci jikinsa ba ya yin ƙara. Ba zazzaɓi, ba wani sabon tari. Sai dai ya daina ci, ya yi ta barci, ya rikice, ko ya faɗi. Kafin a ankara ya bi huhun duka biyu." Ta sa yatsa a wasu zare-zare a gefen hoton Malam. "Waɗannan kuma tsofaffi ne, ba na yanzu ba. Wane aiki Baba ya yi?"

Ɗanlami ya ce, "Kamfanin fata."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ciwon ya tarar da huhun da ya riga ya gaji.

Na nuna hoto na biyu na ce, "To ni fa? Ni ma ai tsohuwa ce."

Ta ce, "Ke ma ya taɓa ki, ga shi nan. Amma ya tsaya. Shekaru na da nasu, Inna, amma ba su kaɗai ba ne. Wani abin mu ma ba mu gama saninsa ba."

Na ce, "Da mun kawo shi ran da aka ce?"

Ba ta yi mini ƙarya ba, shi ya sa har yau nake sa ta a addu'a. Ta ce, "Da ya fi. Amma ba zan ce miki da ya tashi ba. Ban sani ba."

Aka ce za a shiga da shi ɓangaren da ba a barin 'yan uwa. Aka ba ni ɗan lokaci a bakin ƙofar. Daga nan ban sake ganinsa ba.

Muka koma saman bene mu biyu. Kullum da hantsi Dakta Mariama na kiran wayar Ɗanlami ta gaya mana yadda ya kwana. Sau ɗaya ta kara masa wayar a kunne ta ce in yi magana. Na ce, "Malam, ni ce. Mutumin nawa ya warke, yau har ya yi wanka da kansa." Ban ji komai ba sai hucin iskar da aka rufe masa fuska da ita. Ta ce mini ya ɗaga yatsa.

Ya cika da safe, a goman ƙarshe na azumi. Ba a ba mu shi ba. Ba mu yi masa wanka ba, Ɗanlami bai sa shi a kabari ba, don an hana mu fita. Mutumin da kullum yake cewa a kai shi maƙabartar Panshekara kusa da abokan aikinsa, ga shi a ƙasar da ko sunan unguwar ban iya faɗa ba. Ammu Fatahi ne ya bi motar asibiti da tasinsa, ya tsaya daga nesa ya yi masa salla tare da masu haƙa. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofarmu, ya ɗaga hannu biyu kamar mai kabbara, ya nuna alƙibla, ya dafa ƙirjinsa. Na gane. An yi masa yadda ake yi wa Musulmi.

A ɗakin nan na fara takaba. Ba 'yar uwa, ba mai kawo ruwan zafi, ba masu zaman makoki. Amma kowace la'asar Ummu Samira sai ta buɗe ƙofarta, ta ajiye kujera a nata bakin ƙofar, ta yi mini alama in buɗe tawa. Ta zauna can, na zauna nan, filin bene a tsakaninmu, tana jan carbi ina ja. Wani lokaci ta yi magana da Larabci in amsa da Hausa. Ita ce duk zaman makokin da Malam ya samu a Masar, kuma ya isa.

Bayan salla aka samu jirgin kwasar mutane. Aka sauke mu, aka tsare mu a wani masauki har aka tabbatar ba mu ɗauke da komai, sannan muka kamo hanyar Kano. Da a-daidaita-sahu ya shigo da mu ta wajen Challawa, warin kwatar kamfani ya bugi hancina. Shekara da shekaru ina tsine wa warin nan. Ran nan na sauke mayafi daga hanci na shaƙe shi.

'Yan gaisuwa suka yi ta zuwa, har da tsofaffin kamfani, waɗanda suka rage. Kowa tambayarsa ɗaya: "Ya daɗe yana jinya?" Ban san amsar ba. In na ce a'a, na yi ƙarya, don yana zaune a bakin ƙofar nan ciwo na cinsa. In na ce e, wa ya yi jinyar tasa? Ni dai kunu nake dama wa wani.

Ɗanlami ya koma aikinsa a Sharaɗa. Ba ya son a yi maganar, yana ganin shi ya hau da ciwon bene. Na ce masa kada ya ƙara faɗa, shi ya kai ubansa inda ya sake ganin Alƙur'ani da idonsa. Matan unguwa kuwa har yanzu suna kawo mini jikoki su ce, "Inna Asabe, taɓa mana ki ji." Ina taɓawa. Amma in tsoho ne aka ce ya yi shiru, ya bar abinci, yana ta barci, ba na miƙa hannu. Cewa nake a nemo mota.

Malama Rabi, rubuta wannan a ƙarshe, don shi nake ji kullum in jiniya ta busa.

A bakin ƙofar nan ta asibiti yana kan keken marasa lafiya, robar iska a hancinsa, hularsa ta karkace. Na gyara masa. Hankalinsa na jikinsa sarai, ya san ni. Ya ga fuskata, ya ga na kasa riƙe kuka. Ɗanlami na can gefe a kan benci, ya haɗa kai da gwiwa. Malam ya saci kallonsa sau ɗaya, ya kawar da kai. Sannan ya kamo hannuna, shi da bai taɓa kama hannuna a gaban mutane ba, ya ɗora a goshinsa ya danne.

Ya ce, "Kin ji? Babu zafi. Koma wurin mutumin naki, Asabe, kada kununsa ya huce."